Mai Hawa Bene da Asuba

A darena na farko a Alƙahira takun mutum a kan matakala ne ya tashe ni, tun kafin ladan ya yi kiran farko. Gidan da muka sauka bene ne mai hawa shida a unguwar Abbasiyya, mu muna hawa na huɗu, kuma da ƙafa ake hawa. Na rako yayata ne a duba mata ido, ɗanta da ke karatu a Azhar shi ya kama mana masaukin. Ina kwance ina jin ana hawowa a hankali, a tsaya a bakin wata ƙofa, a ja wani abu, a sake hawowa. Da takun ya iso ƙofarmu sai na taɓa yaron. Ko ido bai buɗe ba ya ce, "Kawu, kwanta abinka. Zabbal ne, mai kwasar shara."

Ban kwanta ba. Na buɗe ƙofa na tarar da dattijo wanda zai kai shekara hamsin da ɗoriya, sanye da jallabiya mai launin ƙasa, ya naɗa ƙyalle a ka, a bayansa kuma buhu ne da ya fi na auduga girma. Ya ɗauki bokitin sharar da muka ajiye tun dare, ya juye a buhun, ya buga gindin bokitin sau biyu da tafin hannu, ya mayar da shi daidai inda ya same shi. Ya gaishe ni, na amsa, ya wuce sama. Na leƙa ta baranda na hango wata 'yar a-kori-kura a bakin titi, an jibga mata buhuna sun ninka tsayinta, wani matashi a can ƙololuwa yana jan igiya.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na san yadda muke yi a gida. A layinmu a Kano yaro ake ba wa bokiti da 'yan canji, ya kai bola idan mai tsoron Allah ne, idan kuwa ya gaji a hanya ya juye a kwata. Damina ta zo, kwata ta toshe da leda, ruwa ya shigo zaure, mu fito muna zagin gwamnati. Ga shi nan birni mai mutum fiye da miliyan 20, wani yana hawa bene har ƙofar ɗakinka kullum ya karɓi abin da ka zubar. Na tambayi yaron ko ma'aikacin hukuma ne. Ya ce a'a, mutumin kansa yake wa aiki, a ƙarshen wata kowane gida ya ba shi ɗan abin da aka saba. Sai ya ƙara da cewa akwai kuma wani kuɗin tsafta da hukuma take ɗorawa a takardar kuɗin wuta. Wato biyu ake biya. Daga nan na ƙudura sai na ga inda buhunan nan suke kwana.

Ranar da aka yi wa Yaya aiki aka ce ta huta, da la'asar muka tafi lambun Azhar, ni da yaron. Wuri ne mai ciyawa shar, da maɓuɓɓugan ruwa, da iyalai zaune a kan tabarmi suna shan shayi. An buɗe shi a 2005, gidauniyar Aga Khan ce ta gina shi. Tudun da yake kai kuwa juji ne, inda mutanen tsohon birni suka yi shekara kusan 500 suna zubar da shara da ɓaraguzan gini. Da aka zo kwashewa sai ga ganuwar zamanin Salahuddin ta bayyana a ƙarƙashi, an binne ta da bola. Na tuna badalar Kano da yadda ake mata a wasu wuraren, raina ya sosu. Daga kan tudun, idan ka juya yamma hasumiyoyin masallatai ne ba iyaka, idan ka juya gabas sai maƙabarta, bayanta kuma dutsen Muƙaɗɗam, fari-fari, a tsaye kamar bango. Yaron ya nuna mini wasu jajayen benaye da suka cunkushe a gindin dutsen, ya ce can ne Manshiyar Nasir, can mutumin asuba yake komawa.

Kashegari da hantsi muka tafi. Mai tasi ya sauke mu a bakin babban titi, muka hau keke-napep, wanda su suke kira tuk-tuk, ya fara hawa da mu. Wari ne ya fara tarbar mu, mai tsami, mai nauyi, irin wanda yake maƙalewa a tufafi. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma kafin mu yi tafiyar minti biyar na gane ba juji na shigo ba, masana'anta na shigo, wadda aka rarraba ta gida-gida. Lungun ƙunci gare shi, motoci ɗauke da buhuna suna gogar bango, jaki da amalanke suna rakuɓewa su ba su hanya. A ƙasan kowane bene akwai buɗaɗɗen ɗaki kamar gareji, nan ake sauke kayan. Sama kuma mutane ne ke kwana, da shanya a baranda, da hoton Maryama ko gicciye a jikin bango, domin yawancin masu sana'ar shara a unguwar Kiristoci ne Kibɗawa. Ana jan manyan buhuna zuwa saman bene da igiya da ƙugiya. A can ƙololuwar gidajen kuma ga dogayen ɗakunan tattabaru na katako, an yi musu fenti.

Na tsaya a ƙofar wani gida, da izinin mai gidan, na yi kusan rabin awa ina kallon wata mata da 'ya'yanta mata biyu suna tsince shara. Suna zaune a kan ƙananan kujeru, an zazzage buhu a gabansu, kewaye da su kwanduna ne da buhuna a buɗe. Hannun uwar bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ta ɗauki gorar ruwa, ta cire murfin ta jefa dama, gorar ta jefa hagu, domin robar murfi daban take da ta gora, kuɗinsu ma daban. Gwangwanin lemo gefe guda, na tumatir gefe guda. Kwali busasshe a ajiye shi da kyau, wanda ya jiƙe da miya a ware. Tsumma, kwalba, ƙashi, tsohon takalmi, waya, kowanne da mazauninsa. Wata roba da ta yi mata shakka sai ta ƙwanƙwasa ta a ƙasa ta saurari ƙararta, sannan ta san kwandon da za ta shiga. Ragowar abinci kuwa, shinkafa da ɓawon kayan miya da gutsuren gurasa, ana tura shi cikin wani babban baho. Babu safar hannu a hannunta. Na ga tabon yanka a yatsunta, tsoho da sabo.

Gaba kaɗan ƙarar inji ta hana mu jin juna. Nan ake markaɗa roba ta koma ɓarɓashi, a wanke a manyan randunan siminti, a shanya, wani gidan kuma a narka ta ta fito kamar taliya, a yayyanka ta ƙanana kamar tsakin masara, a zuba a buhu a sayar wa masu kamfanin roba. Kwali ana matse shi a ɗaure kamar dilar gwanjo. Gwangwanin alminiyam ana narka shi a zuba a ma'auni ya daskare. Na tuna masu zuba tukwane a garuruwanmu, da 'yan bola jari masu tura kura suna kai kaya ga dillalai, da buta da takalmin roba da ake yi a Sharaɗa da Dakata. Sana'ar ɗaya ce. Bambancin shi ne su a nan sharar tana zuwa musu kai tsaye daga ƙofar gida, namu kuwa sai ta kwana a bola, awaki sun tona, ruwa ya doke ta, sannan yaro ya shiga da ƙugiyarsa ya tsamo abin da ya rage.

Tarihin mutanen ya fi shekara 100. A farkon ƙarnin da ya wuce wasu Musulmi daga dausayin Dakhla, can cikin saharar yammacin Masar, suka shigo Alƙahira suka kama kwasar shara a gidaje. Ana ce musu Wahiya. Suna busar da ita su sayar wa masu gidajen wanka a matsayin makamashi, a cikin tokar murhun kuma ake dafa wake na karin kumallo. Daga shekarun 1930 zuwa 1940 sai manoma marasa gona daga kudancin ƙasar, musamman yankin Asyuɗ, suka biyo baya. Su ne Zabbalin, Kibɗawa ne, suna kiwon aladu, abin da suke so shi ne ragowar abinci. Aka yi yarjejeniya: Wahiya su riƙe layuka da karɓar kuɗin wata, waɗannan su yi dakon sharar su mallake ta. An yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri duk lokacin da birni ya cim musu, har wajajen 1970 aka tashe su daga Imbaba suka zo gindin dutsen nan, inda babu ruwa babu wuta, suka kafa bukkokin kwano. Benayen da na gani da kuɗin shara aka gina su, bulo bayan bulo.

Masu bincike sun daɗe suna ƙiyasta cewa mutanen nan suna mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso zuwa wani abin amfani. Manyan biranen Turai da Amurka da yawa, da injunansu da kasafinsu, ba su kai haka ba. Kuma shekaru da dama hukuma ba ta biyan su ko sisi.

Sai 2003 ta zo. Hukumomin Alƙahira da Jiza suka ga birni ya faɗaɗa, akwai unguwannin talakawa da Zabbalin ba sa shiga saboda shararsu ba ta da abin sayarwa, akwai tituna da kasuwanni da ba mai sharewa, kuma amalanken jaki ba ya burge baƙo. Wannan damuwa gaskiya ce, ban raina ta ba. Maganin da suka zaɓa shi ne raba birnin shiyya-shiyya a ba kamfanonin Sifaniya da Italiya kwangila ta shekara 15. Kamfanonin suka kawo manyan motoci masu matse shara, suka jera kwantenoni a bakin titi, aka ce kowa ya sauko da shararsa ya zuba, kuɗin kuma a cire a takardar wuta ko kana so ko ba ka so. Abin da kwangilar ta ɗora musu su sake sarrafawa kashi 20 ne kacal, sauran a kai sahara a binne.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Matar da ta saba ajiye bokiti a ƙofarta ba za ta sauko hawa shida da shara ba, don haka ta ci gaba da biyan zabbal ɗinta, ga kuma kuɗin hukuma. Manyan motocin ba sa shiga lungu. Kwantenonin wasu aka sace, wasu suka cika suka tumbatsa, kyanwoyi da karnuka suka mayar da su gida. Motar da ke matse shara kuwa tana haɗa miya da kwali da tsumma ta dama su, abin da ya fito daga cikinta ba ya sayuwa. Daga ƙarshe kamfanonin da kansu suka koma suna ɗaukar Zabbalin a matsayin 'yan ƙwadago, a kan kuɗi kaɗan, su yi aikin da dā nasu ne na gado. Wani dattijo da muka sha shayi a shagonsa ya gaya mini, yaron yana fassarawa, cewa abin da ya fi ƙona musu rai shi ne ba wanda ya hawo tudun nan ya tambaye su komai kafin a sa hannu.

Duka na biyu ya zo a 2009. Da aka shiga fargabar murar da aka laƙaba wa sunan aladu, gwamnati ta ba da umarnin a hallaka dukkan aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali a lokacin ba a sami ko mutum ɗaya da cutar a Masar ba, hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun ce matakin ba shi da amfani. Na san mai karatu zai yamutsa fuska da jin sunan dabbar, ni ma ban kusanci garkenta ba. Amma ita ce take cinye ragowar abincin birnin, wanda shi ne fiye da rabin sharar gida. Da aka kawar da ita, mai kwasa ba shi da dalilin ɗauko ruɓaɓɓen abinci ya kai gidansa. Cikin 'yan watanni tituna suka cika da tarin shara mai ɗoyi. Darasin da na ɗauka a nan bai shafi dabbar ba. Kowane gari yana da wani abu da yake haɗiye danyar shararsa, kuma wanda zai yi doka ya wajaba ya san mene ne. A Kano gona ce. Tun kaka da kakanni jakuna ke fita da taki daga cikin birni zuwa gonakin karkara da rani, su dawo da itace. Leda ce ta ɓata wannan ciniki, domin manomi ba ya son takin da zai shaƙe masa ƙasa ya kashe masa akuya.

Masar ta ɗan dawo hanya daga baya. Laila Iskandar, wadda ta yi shekaru tana aiki da mutanen tudun nan, ta zama ministar muhalli a 2013, aka fara yi wa ƙananan kamfanonin Zabbalin rajista domin su ma su iya karɓar kwangila. Wa'adin kamfanonin waje ya ƙare, a 2020 kuma aka yi sabuwar dokar shara mai lamba 202. Har yanzu da sauran rina a kaba, na ga tarin shara a ƙarƙashin gadoji da bakin magudanai a unguwanni da dama. Wani abin da na lura da shi kuma: gwamnonin lardi a Masar naɗa su ake yi, majalisun ƙananan hukumomi kuwa tun da aka rushe su a 2011 ba a sake zaɓe ba. Mai ƙorafin shara ba shi da kansilan da zai tare a masallaci. Mu muna da shi, kuma bai kamata mu yi wasa da wannan dama ba.

Kada kuma a ɗauka na ga aljanna a Manshiyar Nasir. Na ga yarinya da ba ta wuce shekara tara ba tana tsince kwalabe a lokacin da ya kamata tana aji. Na ga allurar asibiti a cikin shara, ta fito tsirara a kusa da ƙafar mace mai goyo. Hayaƙin narka roba ya sa ni tari har dare. Arhar wannan tsari a jikin matan nan da 'ya'yansu ake biyan ta, kuma duk wanda ya yabi kashi 80 ya manta da yatsun matar nan bai yi adalci ba. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne gyaran da ake yi daga ciki. Akwai wata ƙungiyar kare muhalli da aka kafa a 1984, mun shiga harabarta, 'yan mata suna saƙa darduma da ƙyallayen da masaƙu suka zubar, wasu suna yin takarda da hannu, ana koya musu karatu a gefe. Akwai kuma makarantar samari inda yaro yake kawo robobin sabulun wanke gashi da ya tsinto, ya ƙirga, ya rubuta adadin, ya lissafa kuɗinsa, a markaɗa robar don kada masu jabu su sake cika ta. Da sana'ar ubansa ake koya masa lissafi. Muka ƙarasa can sama, inda aka sassaƙa majami'ar Sam'anu Majemi a cikin dutse, mai ɗaukar dubban mutane. Wurin tsaf yake, ko tsinke babu a ƙasa. Mutanen da suke kwana da sharar birni sun san tsafta sarai.

A jirgin dawowa, Yaya tana barci da bandeji a ido, na yi ta juya maganar. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kwasar shara a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A aikace jihohi ne suka karɓe, a Kano akwai REMASAB, a Legas akwai LAWMA, ƙaramar hukuma kuwa takan tsaya a kan tsaftar ƙarshen wata. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Idan kuɗin ya iso hannu, na san abin da zai fara zuwa ran shugaba: ya sayo tifa biyu a yi musu fenti a kira 'yan jarida, ko ya kira babban ɗan kwangila ya miƙa masa komai. Ta farko takan mutu ranar da taya ta fashe aka rasa mai sa hannu a takardar gyara. Ta biyu kuwa Legas ta gwada ta a 2017, ta ture masu ƙananan motocin da suka saba bin layuka ta kawo babban kamfani, shara ta taru a tituna, ba a daɗe ba aka dawo da su. Abin da ya faru a Alƙahira ne ya maimaita kansa, shekara 14 tsakani.

Ni hanya ta uku na gamsu da ita, kuma da idona na ga tushenta. Hukuma ta riƙe abin da ita kaɗai za ta iya: filin tara shara a kowace mazaɓa, babbar motar da za ta kwashe daga can, ramin binne abin da ya gagara, raba sharar asibiti da ta gida, da dawo da duba-gari mai iko. Tsakanin ƙofar gida da filin tarawa kuwa a bar wa masu kura da masu keke, a raba musu layuka, kowa da nasa, da katin shaida da mai unguwa ya sa wa hannu, da kuɗin wata sananne, abin da suka tsinta kuma nasu ne. A ba su safar hannu da takalmi da allurar rigakafi, a hana sa yara. A roƙi matan gida abu ɗaya tak: bokiti biyu, na danye da na busasshe, domin na danyen ya koma gona ba leda a ciki. Na san ƙorafin da ake yi da 'yan bola jari, na satar murfin kwalbati da wayar wuta, kuma akwai masu yi. Amma mutumin da yake da suna a rajista da layin da yake ci da iyalinsa a kai, shi ne zai fi kowa tsaron layin.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, da takwarorinsu na Kaduna da Sakkwato da Maradi da Damagaram: kafin ku sa hannu a kowace takardar kwangilar shara, ku aika a ƙirga muku masu tura kura da dillalan gwangwani da masu injin markaɗe da ke yankinku, ku kira su zaure ku zauna da su, ku ji ta bakinsu tukuna.